Motar Makka Sai Gobe

A gidan Hajiya Rahamatu Maiturare da ke Bani Malik tsofaffi ba sa rigima. Da wannan ake yabon gidan a tsakanin Hausawan Jidda, kuma ba ƙarya ake yi ba. Duk wanda ya hau benen ya shiga zai tarar da su a jere kan kujerun roba a falo, tsofaffin mata masu gigin tsufa, kowace sanye da farin hijabi, jaka a cinya, takalmi a ƙafa, ido a kan ƙofa. Motar Makka suke jira, za su umra. Motar kuwa babu ita, ba a ma taɓa ƙera ta ba, kuma kowa ya san haka ban da masu jiran.

Ranar da Sadiyya da yayanta Mustafa suka kawo mahaifiyarsu, Inna Latifatu, Hajiya Rahamatu da bakinta ta yi musu bayanin tsarin. Tana magana tana barbaɗa turare a kasko, don sayar da turare ce sana'arta ta asali, kuma hayaƙin na da wani aiki a gidan wanda hanci ke ganewa bayan an ɗan zauna.

"Ku duba ku gani," in ji ta, tana nuna jerin tsofaffin kamar mai tallar atamfa. "A wasu wuraren ɗaure su ake yi a gado, wasu kuma ƙwaya ake ɗirka musu su wuni suna barci. Ni ban yarda da zalunci ba. Da safe in ce musu yalla, ku shirya, mota na hanya. Halas. Babu mai fita, babu mai kuka, babu mai neman gidan mijinta da ya rasu tun zamanin da. Wadda ke jiran motar Makka ba ta tashi daga kujera."

"To in yamma ta yi fa, Hajiya?" Sadiyya ta tambaya.

"Sai Bilal ya shigo."

Bilal ƙanin Hajiya ne, dattijo mai tumbi wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. Aikinsa a gidan guda ne. Bayan la'asar zai shigo yana kaɗa makullai, yana share gumi, ya ce mota ta lalace a Bahra, sai gobe in Allah ya kai mu. Tsofaffin su yi salati, su yi masa addu'a, a kai su ɗaki. Kafin gari ya waye sun manta, sai a sake sabon lale.

Mustafa ya yi dariya har da dukan cinya. "Wallahi Hajiya, likitoci ma ba su kai ki ba."

Sadiyya ba ta yi dariya ba, amma ba ta ce a fasa ba, kuma wannan dole a riƙe mata shi. Idonta ya ga komai. Ta ga ƙaton kwaɗo rataye a ƙofa ta waje. Ta ga tagogi an yi musu ƙarfe. Ta ga jar tukunyar kashe gobara an tokare ƙofar kicin da ita, da ta taɓa ta da ƙafa sai ta gangara kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Babbar takardar da aka saka a gilashi a bango, wadda Mustafa ya tsaya gabanta yana gyaɗa kai ba tare da ya karanta ba, ita ta karanta, ta ga shaidar halartar baje-kolin turare ce. Mai aiki ɗaya ce tal ga tsofaffin duka, ita ce girki, ita ce wanka, ita ce wanki. Sadiyya ta ga wannan duka ta haɗiye, saboda ta gaji. Inna ta kunna gas ta manta a gidan Mustafa da ke unguwar Safa, ta zuba sabulu a miya, ta fita titi ba takalmi tana neman kasuwar Gadarif, garinsu na Sudan. Gidajen da ke da lasisi kuwa, in ji Mustafa, takarda suke fara tambaya, ga shi iƙamar Inna, takardar zamanta a ƙasar, ta mutu tun bara bai sabunta mata ba.

Aka saka wa Inna farin hijabi, aka ɗora mata jaka. Tun da ciwon ya kama ta Sadiyya ba ta ga fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

"Makka?" in ji Inna. "Yau?"

"Yau, Hajiya," in ji Rahamatu. "Zauna nan kusa da taga, ke ce a gaba."

Sadiyya na aikin kicin a wata makarantar 'yan mata, sai ta tashi take biyowa. Zuwanta na farko ta tarar da Inna a kujerarta tana ta fara'a.

"Rakiya kika zo yi mini? Allah ya yi miki albarka. Me zan kawo miki tsaraba?"

Mai aikin ta zagayo da tire, ruwa da shayi. Sauran tsofaffin kowace ta ɗauka. Inna ta kawar da kai.

"Inna, ga ruwa."

"Ruwa? Ni da zan hau mota? In fitsari ya matse ni a hanya wane direban ne zai tsaya mini? Ga alwalata. Ke dai har yanzu ba ki yi hankali ba."

Sadiyya ta yi murmushi, don ta san wannan hali tun tana goye. Inna ta sha tafiya a manyan motoci tun tana budurwa a Sudan, inda mace ba ta da wurin tsugunawa sai an isa, kuma tun daga lokacin ba ta shan ruwa ranar tafiya, jajiberin tafiya ma sai dai ta jiƙa maƙoshi. Ciwo ya kwashe mata sunayen jikoki, ya kwashe ranakun mako, ya kwashe har fuskar mijinta, amma ya bar mata wannan doka daram. Abin da bai faɗo wa Sadiyya a rai ba a ranar shi ne, a gidan Hajiya Rahamatu kowace safiya ranar tafiya ce, kowace yamma kuma jajiberi.

Da aka kwana biyu leɓen Inna ya fara tsagewa, idonta ya faɗa. Dabino take ci da ɗan biskit, ruwa kuwa sai kurɓin da za a tura ƙwayar hawan jini da shi, shi ma sai an yi da gaske. Sadiyya ta sami Hajiya Rahamatu a ɗakin da take haɗa turare.

"Hajiya, Inna fa ba ta shan ruwa."

"Ai Innarku ita ce ta ɗaya a gidan nan," in ji Hajiya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Famfas ɗaya ya kai ta wuni, a cire shi fes kamar ba a saka ba. Ki dubi Maijidda da ke kusa da ita, wannan sai ki ce an buɗe famfo. Da duka irin Innarku ne da na huta."

"Hajiya, mutum ba ya rayuwa haka."

"Ya binti, tsoho ba shuka ba ne da za a bi shi da ban-ruwa. In ta ji ƙishi za ta sha. Mu nan ba ma tilasta wa kowa, ai na faɗa muku tun farko."

Washegari Sadiyya ta zo da dabara. Ta kawo zamzam a ƙaramar gora, ta durƙusa gaban Inna ta ce ga ruwan albarka. Inna ta karɓa, ta ɗan zuba a tafi ta shafa a fuska, ta mayar da murfin.

"A can zan sha, daga tushe. Na roba na waɗanda ba su samu zuwa ba ne."

Da dabara ta ƙi, sai ta gwada gaskiya. Ta riƙe hannun Inna, ta ɗan tsunkuli fatar bayansa, fatar ta tsaya a tsunkule ta ƙi komawa.

"Inna, ki saurare ni. Babu mota. Ba ta zuwa yau, ba ta zuwa gobe. Nan gidan kula da tsofaffi ne, ni da Yaya Mustafa muka kawo ki. Don Allah ki sha ruwa."

Inna ta daɗe tana yi mata irin kallon da ake yi wa baƙuwa mara kunya.

"Ke 'yar waye?"

"Sadiyya ce, Inna."

"To ko 'yar waye ce ke, ki ji tsoron Allah. Tsakanina da Ɗakinsa za ki shiga?"

Goggo Maijidda, tsohuwar da ke kujerar kusa, ta ɗaga jakarta ta maka wa Sadiyya a ka. "Kujerarki take so! Haka suke yi, sai mota ta kusa su zo da surutu. Kar ki tashi, Hajiya!" Falo ya ɗauka. Wata ta fashe da kuka wai an sayar da tikitinta, wata ta nufi ƙofa. Hajiya Rahamatu ta fito a guje, ta tafa hannu ta ce direba ya bugo waya, yana shan mai. Nan take kowace ta koma kujerarta ta gyara hijabi. Sannan Hajiya ta ja Sadiyya zuwa bakin bene.

"Kin ga abin da gaskiyar taki ta jawo? Saura ƙiris Maijidda ta faɗi ta karye. Ni lafiyar mutanen nan na sa a gaba."

"To ki cire Inna daga tafiyar. Ki bar ta a ɗaki."

"In bar ta a ɗaki tana jiyo 'yan'uwanta na shiri? Ai wannan shi ne zaluncin. Je ki yi magana da yayanki, shi ya kawo ta."

Mustafa na kula da wani sito ne a Madinar Masana'antu, kuma yadda yake jera kwalaye haka yake jera hujja. Sadiyya ta same shi a Safa yana cin abinci da matarsa Abir, haifaffiyar Jidda, wadda Hausa ke fita bakinta a gutsure.

"Yaya, mu kai ta Makkar da gaske mana. Ga ta nan kusa. Ta ga Ɗakin, ta sha zamzam, ƙila hankalinta ya kwanta."

"Ta wace hanya? A shingen 'yan sanda a ce ina iƙama, in ce me? Ni za a riƙe, ba ke ba."

"To ka sabunta mata."

"Wadda ba ta san sunanta ba, me za ta yi da iƙama?" Ya kai loma. "Kuma ko an kai ta yau, gobe ta manta, ta sake ɗaukar jaka."

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kuma ita ta fi ɓata wa Sadiyya rai.

"Ya Sadiyya," in ji Abir, "Khalati Inna mabsuɗa, wallah. Tana dariya. A nan kullum kuka, kullum faɗa, ta ce ni ɓarauniya. Can farin ciki. Ya'ani, mene ne mushkila?"

"Mushkilar ita ce tana bushewa."

"Ke ba kya duba ɓangaren lada," in ji Mustafa, ya ajiye cokali ya gyara zama. "Na tambayi wani abokina mai karatu, ya ce mai niyyar alheri ana rubuta masa ko bai samu yi ba. Inna kullum sai ta ɗaura niyyar umra. Kullum fa! Wa ke da irin wannan a danginmu? Mu da muka kai ta ma ba za mu rasa kamasho ba."

"Yaya, ka zo dai ka gan ta da idonka."

"Zan zo, dawam ne ya sha kaina, aiki ba hutu." Da ya ga ba ta da niyyar tashi sai ya jefo wadda ya san za ta kashe maganar. "Tayyib. Tun da kin fi kowa tausayi, ɗauke ta ki kai ɗakinki."

Sadiyya ta tashi ta kama hanyar gida. Ɗaki ɗaya take ciki da mijinta Usuman da 'ya'yansu, girki a lungu, banɗaki na haɗaka da maƙwabta. Ta dai gwada yi wa Usuman maganar, ya bi ɗakin da kallo daga bango zuwa bango ya ce, "A kan firij za mu kwantar da ita?" Ba ta sake tayar da zancen ba. Kunya ta ji mai tsanani, don ta san a can ƙasan ranta ta ji sanyi da ya ƙi.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa, Inna na zaune. Ta daina fara'a, ta daina maganar tsaraba, muryarta ta koma raɗa. Sadiyya takan tsoma yatsa a ruwa ta shafa mata a leɓe, Inna ta goge da gefen hijabi. Wata rana ta ci yankan kankana, Sadiyya ta koma gida tana murna kamar an yi mata bushara, washegari Inna ta gano wayon ta ce kankana ma ruwa ce. Wata ranar kuma Sadiyya ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa, Hajiya ta fita kai turare gidan biki ta kulle tsofaffin har da mai aikin a ciki, hayaƙin kasko na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta zauna a bene har Hajiya ta dawo, ta tambaye ta in gobara ta tashi fa. Hajiya ta ce ta daina mugun fata, wace gobara ce za ta ci masu niyyar umra. Bilal kuwa bai taɓa fashi ba. Har ƙari yake yi don kada aikin ya gundure shi: yau taya ta fashe, gobe an rufe hanya, jibi direba ya yi baƙi. Inna ce ke fara yi masa addu'a da abin da ya rage mata na murya.

Wata Alhamis da tsakar rana, ana irin zafin nan na Jidda mai manne wa jiki, Sadiyya ta iso ta tarar mukayyif ɗin falo ya daina ba da sanyi tun jiya, fanka ɗaya ce ke juya hayaƙin turare. Inna na kujerarta, kai a langaɓe, an zagaya gyale ta ƙirjinta an ƙulle a bayan kujera.

"Hajiya! Ba kin ce ba kya ɗaure mutane ba?"

"Wa ya ɗaure ta? Bel ɗin mota ne. Zamewa take ta yi tun safe, na ce mata doka ce, kowane fasinja sai ya saka. Da kanta ta ɗaga hannu."

Jikin Inna zafi rau, babu ɗigon gumi. Sadiyya ta kira sunanta, ido ya buɗe rabi ya koma. Mai aikin ta raɗa mata cewa famfas ɗin jiya ne a jikin Inna, kuma har yanzu a bushe yake.

"Zan kira is'af."

Hajiya Rahamatu ta dafe ƙirji. "Motar asibiti? A gidana? Su hau su ga jama'a su ce ina lasisi? In aka rufe gidan nan ina za a kai waɗannan bayin Allah, ɗakinki? Kira yayanki tukuna."

Ta kira shi. Mustafa ya ɗauka, ƙarar injin ɗaga kaya na tashi a bayansa.

"Kar ki kuskura. Asibiti takarda za su tambaya. Ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari."

"Yaya, ruwan ne fa ba ta sha!"

"To a ce mata an fasa tafiyar mana! Sai kin tara mana jama'a?"

Hajiya ta yarda a yi hakan, sau ɗaya, saboda Allah. Aka taso Bilal daga barcin rana. Ya shigo da makullansa, ido jajir, Hajiya ta biya masa abin da zai faɗa. Ya tsaya a tsakiyar falo ya yi gyaran murya.

"Jama'a, an soke tafiya. Babu Makka. Kowa ta sha ruwa."

Falo ya kaure da salati. Sadiyya na durƙushe da kofi a bakin Inna. Inna ta buɗe ido da ƙyar, ta nemo Bilal, leɓenta ya motsa.

"Sai yaushe, direba?"

Bilal bai san sanda bakinsa ya riga shi ba. "Gobe, Hajiya, in Allah ya kai mu."

Inna ta rufe baki gam, ta kau da kai daga kofin. Sadiyya ta miƙe ta kira is'af, Hajiya na rataye da hannunta tana haɗa ta da Allah da Annabi.

Abin da ya faru da motar ta iso har yau ana ba da labarinsa a layin ana dariya, don waɗanda suka kalla daga tagogi ba su san na ciki ba. Jiniya na tsayawa a ƙofar gida Goggo Maijidda ta miƙe tsaye.

"Mota ta zo!"

Tsofaffin da ba sa zuwa banɗaki sai an riƙe su suka tashi gaba ɗaya. An buɗe ƙofa saboda masu ɗaukar mara lafiya, sai suka ture Bilal suka gangara bene da jakunkunansu, wata da takalmi ƙafa ɗaya, wata tana kiran a jira ta. Kafin a sauko da Inna, Maijidda ta shige gaban mota ta zauna kusa da direba, ta ce ko yanka ta za a yi ba ta sauka, ita ta riga kowa.

Babban ma'aikacin is'af ɗin ya tsaya baki buɗe, ya tambaya da Larabci su waye waɗannan. Hajiya Rahamatu ko gezau ba ta yi ba. Ta ce 'yan'uwanta ne baƙi daga Sudan, umra suka zo, a gidanta suka sauka. Ya juya ya tambayi tsofaffin ko haka ne. Suka amsa baki ɗaya, da Hausa da Larabci, cewa umra za su, kuma an daɗe ana ɓata musu lokaci. Shaidu sun yi yawa. Mutumin ya ba su haƙuri, ya yi musu fatan umra karɓaɓɓiya, Bilal ya rantse wa Maijidda cewa babbar mota na biye sannan ta sauka. Sadiyya na jin wannan duka, tana kuma da bakin magana, amma hannunta na cikin na Inna kuma gadon da aka ɗora ta na tafiya, sai ta bi gadon.

Da motar ta tashi Inna ta ji motsin taya a ƙarƙashinta, fuskarta ta saki. Leɓenta ya soma motsi. Sadiyya ta kai kunne ta ji labbaika take yi.

A asibiti babu wanda ya tare su a ƙofa. Takardar da Mustafa ke tsoro sai daga baya aka tambaye ta, kuma tambayar ba ta kashe kowa ba. Likitan da ya karɓe su, Dakta Mahmud, Bahaushe ne daga Najeriya da ya zo aikin kwantiragi. Ya duba Inna, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Mustafa ya iso da rigar aiki yana haki, da ya ji likita na Hausa sai ya saki jiki.

"Likita, ai ka san sha'anin tsufa."

"Malam, wannan ba tsufa ba ne, ƙishirwa ce. Ƙodarta ta kusa tsayawa. A wane daji kuka tsinto ta?"

"A gidan kula take, mai kyau. Ga ruwa nan a tire kullum, ita ce ta ƙi sha."

"Ita da ba ta san yau wace rana ce ba, ita kuka bar wa shawara?" Likitan ya girgiza kai. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma kada a ba ta komai ta baki, ko ɗigo. Ba ta iya haɗiya yanzu, huhunta zai tafi."

Mustafa ya ce bari ya je ya ga maganar takardu. Ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Bayan la'asar Inna ta farka. Ta bi ɗakin da kallo a hankali: farin daɓe mai sheƙi, fitilu ko'ina, sanyi mai ratsa jiki, mutane cikin fararen kaya suna kai da kawo.

"Mun iso?"

Sadiyya, wadda ta sha jaka a ka saboda faɗin gaskiya, ta buɗe baki ta ce, "Mun iso, Inna."

"Alhamdu lillahi." Fuskarta ta yi kuka, amma hawaye bai fito ba. "To ba ni ruwan yanzu, 'yar nan. Ciko kofin. Na daɗe ina riƙewa."

Sadiyya ta tashi a guje har tana tuntuɓe, ta ciko kofi a baranda. Wata nas ta tare ta a bakin gado, ta karɓe kofin ta ce mamnu', likita ya hana. Sadiyya ta roƙe ta da Larabci, ta roƙe ta da Hausar da ba ta ji, ta ce makonni take bin matar nan da kofi, yau ne kaɗai ta ce a ba ta. Nas ɗin ba muguwa ba ce, gaskiyarta take bi. Ta tsoma auduga a ruwan, ta matse, ta miƙa mata.

Sadiyya ta ɗora audugar a leɓen Inna. Inna ta tsotsa, ta tsotsa, kamar jaririya.

"Ƙara."

Ta sake jiƙawa, nas na tsaye tana lura kada ya wuce ƙima.

"Duk doguwar tafiyar nan," in ji Inna, "ɗan wannan ne rabona?"

Ba ta sake magana ba. Washegari da hantsi ta cika.

A Safa aka yi zaman makoki, kuma a nan ne labarin ya sami sabuwar riga. Hajiya Rahamatu ta zo da kaskonta da turare mai kyau, ta zauna a tsakiyar mata, ta ba da labarin yadda marigayiya ke ɗaura niyyar umra kullum ba fashi, da yadda ta bar gidan da labbaika a bakinta. Mata suka yi ta jinjina kai suna cewa irin wannan cikawa sai mai rabo. A ɓangaren maza Mustafa ya maimaita wa duk wanda ya shigo, ya kira Gadarif ya faɗa wa dangi, kafin yamma wasu har sun ji cewa a Harami ta rasu. Shi kansa ya fara yarda, kana ganin yadda kafaɗarsa ta sauka ka san ya sami abin da yake nema.

Sadiyya ta kasa jurewa. Ta miƙe a tsakiyar falon mata.

"Ƙishirwa ce ta kashe Inna. Ba a Harami ba, a kan kujerar roba a Bani Malik. Hajiya ta yi mata ƙarya, Yaya ya ƙi zuwa, ni kuma ina gani na bar ta a can saboda ɗakina ya yi mini kaɗan. Mu muka kashe ta, ruwa na kan tire."

Hajiya Rahamatu ta sunkuyar da kai ta ce ita ta yafe, zafin rashi ne. Abir ta taso ta rungume ta tana ma'alesh, ma'alesh, yi haƙuri. Wata dattijuwa ta ce a ba yarinyar nan ruwa, hankalinta ya tashi. Nan da nan kofuna suka taso daga ko'ina, na gilashi da na roba, mai ƙanƙara da mara ƙanƙara, hannaye na tura mata, bakuna na cewa sha, sha ki ji sanyi. Aka zaunar da ita, aka danƙa mata ɗaya a hannu.

Tana riƙe da shi, bai kai bakinta ba, ta jiyo wata mata a bayanta ta matsa kusa da Hajiya Rahamatu tana magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, na ji kujera ta samu a wurinki. Tawa uwar dai ba ta wasa da ruwa. In kawo ta ran Asabar?"

Hajiya ta ce Asabar ta yi.